Idan ƙanƙara ba ta daina narkewa ba, ina ruwan teku ya tafi a 2011?

Malam_Isa_Zariya
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina koyar da labarin ƙasa a wata makarantar sakandare, kuma a makon jiya na nuna wa ɗalibaina zanen da ke bayyana yadda tsayin ruwan teku ya yi ta ƙaruwa tun daga 1993, lokacin da aka fara auna shi a kai a kai da tauraron ɗan'adam. Layin hawa yake yi, amma ba a miƙe ba, yana tafe yana karkacewa. Wata ɗaliba ta ɗora yatsa a kan wurin da ya gangaro tsakanin 2010 da 2011, ta ce: "Malam, idan ƙanƙarar Girinlan da ta Antatika ba su daina narkewa ba, ina ruwan ya tafi?" Na ce mata wataƙila kuskuren na'ura ne, amma zuciyata ba ta kwanta da wannan amsa ba. Ina roƙon masu ilimin abin su warware mini, domin ba na son yarinyar ta tafi da abin da ba daidai ba.

Garba_Kantin_Kwari
Wa alaikumus salam. Malam, ni ina ganin amsar da ka bayar ita ce daidai. Na'urar da take sama da nisan fiye da kilomita 1,300, ta yaya za ta gane bambancin 'yan milimita a kan ruwan da igiya ba ta bari ya tsaya wuri ɗaya?

Dakta_Halima
Malam Isa, Allah ya yi wa ɗalibar nan albarka, domin tambayar da ta yi ita ce masana suka yi wa kansu a wancan lokaci. Ba kuskure ba ne. Matsakaicin tsayin tekun duniya ya ragu da kimanin milimita 5 daga farkon 2010 zuwa tsakiyar 2011, kuma ruwan bai ɓace ba, tudu ya hau. A waɗannan shekaru an yi La Nina mai ƙarfi ƙwarai, wato yanayin da iskar Tekun Fasifik take ƙara ƙarfi ruwan gabashinsa ya yi sanyi, wadda ta karkatar da ruwan sama zuwa Ostireliya da arewacin Amurka ta Kudu da kudu maso gabashin Asiya. Masu bin labarai za su tuna ambaliyar jihar Kwinslan ta Ostireliya da ta shiga birnin Birisben a watan Janairun 2011. Kowane ɗigo na wannan ruwa daga teku rana ta ɗebe shi, iska ta ɗauke shi, ta sauke a ƙasa.

Ga Alhaji Garba kuwa, shakkarka tana da hujja, amma tauraron ba awo ɗaya yake yi ba. Yana zagaye tekuna cikin kwana goma, yana tara awo dubu ɗaruruwa, a fitar da matsakaici, sannan a gwada da ma'aunan da aka kafa a tashoshin jiragen ruwa. Abin da ya fi wannan ƙarfi shi ne a lokacin akwai wasu tagwayen taurari masu suna GRACE, da aka harba a 2002 suka yi aiki har 2017, waɗanda ba tsayin ruwa suke aunawa ba, nauyi suke aunawa. Su ne suka nuna cewa a daidai lokacin da teku ya rage nauyi, waɗancan nahiyoyi sun ƙara nauyi. Na'urori biyu masu aiki daban ba za su yi kuskure iri ɗaya a lokaci ɗaya ba.

Malam_Isa_Zariya
Madalla, Dakta, na gode. Amma ai ruwan sama kogi yake bi ya koma teku cikin makonni. Me ya riƙe wannan har fiye da shekara?

Bukar_Ɗan_Baga
Malam Isa, ba kowane kogi ne yake kaiwa teku ba, kuma mu mutanen bakin Tafkin Chadi shaida ne. Ruwan da ya sauka a Kano ya bi kogin Haɗeja, ya haɗu da na Jama'are, ya zama Komadugu Yobe, tafki yake nufa. Shari da Logon, waɗanda su ne suke kawo mafi yawan ruwan tafkin daga kudu, su ma nan suke ƙarewa. Daga nan ba shi da hanyar fita sai dai rana ta shanye shi ko ya nutse ƙasa. A shekarar da damina ta yi kyau, mukan ga ruwa ya dawo wuraren da aka daɗe ana noma a kansu, ya zauna watanni. Ina zaton irin wannan ne Dakta take nufi.

Dakta_Halima
Shi ne kuwa, Malam Bukar. Tsakiyar Ostireliya kwari ne mai faɗin gaske wanda kogunansa suke gangarawa Tafkin Eyre, tafkin da a yawancin shekaru busasshen fili ne na gishiri. Wannan ne ya sa ruwan 2010 da 2011 ya daɗe a tudu. Don a gane girman abin, milimita ɗaya a faɗin tekunan duniya daidai yake da ruwan da zai cika ramuka kimanin 360, kowanne kilomita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi, wato milimita 5 sun kai ramuka wajen 1,800. Zuwa 2012 ruwan ya koma, layin kuma ya ci gaba da hawansa.

Injiniya_Bala
Na yi shekaru ina aiki a jiragen ruwa na dakon kaya, kuma ina so in ƙara abin da ba a ambata ba. Milimita 5 lissafin duniya ne gaba ɗaya, amma matuƙin jirgi da mai gida a bakin teku ba matsakaicin duniya ne yake damun su ba, ruwan da ke gabansu ne. Iskar da ta lulluɓe mu tana da nauyi, tana danne fuskar teku. Ƙa'idar da kowane ma'aikacin jirgi ya sani ita ce idan matsin iska ya ragu da miliba ɗaya, wato awon da ake auna matsin da shi, ruwa yakan taso da kimanin santimita ɗaya. A tashoshin arewacin Turai na sha ganin ruwa ya wuce abin da jadawalin cika da janyewar teku ya nuna da santimita ashirin ko talatin, ba don komai ba sai don ma'aunin matsi ya faɗi. Idan shekara guda ta zo da yawan irin wannan yanayi a wani yanki, matsakaicin ruwan wannan shekara a wurin zai fi na bara.

Usman_Ɗalibi
Injiniya, gyara kaɗan in an yarda mini. Matsin iska ba ya ƙara ruwa kuma ba ya rage shi, tura shi kawai yake yi daga inda aka danne zuwa inda aka sassauta, don haka ba shi ne ya jawo abin da ɗalibar Malam Isa ta gani ba. Kuma a yankinmu na kusa da ikwaita matsin iska ba ya sauyawa sosai, tasirinsa a Legas ko Kwatano ƙarami ne in an kwatanta da Ingila.

Injiniya_Bala
Na karɓi gyaran, ɗana. Ban ce shi ne sanadin 2011 ba, nufina a raba tambayar gida biyu: yawan ruwan da ke cikin teku, da kuma inda aka tara shi.

Usman_Ɗalibi
To a kan inda aka tara shi, babu misalin da ya kai Tekun Fasifik. Wanda ya taɓa hura kunu mai zafi a kwano ya ga yadda yake taruwa a ɗaya gefen, in ya daina hurawa kuma ya dawo. A kusa da ikwaita akwai iska mai kaɗawa daga gabas zuwa yamma kusan kullum, 'yar'uwar iskar hunturunmu ce, kuma ita take tura ruwan saman teku daga gaɓar Peru da Ekwado zuwa wajen Indunisiya da Filifin, har ruwan yamma ya fi na gabas tudu da kusan rabin mita. A shekarar El Nino wannan iska takan yi rauni, wani lokaci ma ta juya, sai ruwan ya kwararo gabas. A 1997 zuwa 1998 ruwan gabashin Fasifik ya tashi da fiye da santimita 20 a kan yadda aka saba, na yamma kuma ya faɗi.

Dakta_Halima
Misalin kunu ya yi kyau ga aji, amma akwai wani ɓangare da ya kamata malami ya riƙe. Abin da iskar take tarawa a yamma ruwa ne mai ɗumi, wanda kaurinsa a can yakan kai mita 150 ko fiye, alhali a gabas bai fi 'yan gomomin mita ba kafin a tarar da ruwan sanyi. Ruwa mai ɗumi ya fi mai sanyi cin wuri, shi ya sa inda ya yi kauri fuskar teku take yin tudu. Idan iskar ta saki, saƙon yakan ratsa tekun a matsayin wata doguwar igiya ta ƙarƙashi, wadda takan ɗauki kimanin wata biyu kafin ta isa Amurka ta Kudu, daga nan ta bi gaɓa arewa da kudu. Klaus Wyrtki na Jami'ar Hawai ne ya fito da wannan bayani a 1975, kuma da ma'aunan ruwa na tsibirai ya yi aikinsa, tun ba a fara awo daga sama ba. Abin da ya fi taɓa ni shi ne halin mutanen tsibiran Samowa da ke Fasifik: a bayan El Nino mai ƙarfi ruwa yakan janye har murjanin bakin teku ya fito fili ya mutu, kuma suna da kalmarsu ta musamman ga wannan, taimasa, saboda warin da yake tashi. Al'ummar da ta raɗa wa abu suna ta daɗe tana ganin sa.

Hajiya_Rabi
Ina zaune a arewacin Italiya, kuma na je Banis, birnin nan da aka gina a kan ruwa, 'yan kwanaki bayan ambaliyar 12 ga Nuwamba 2019, wadda tsayin ruwanta ya kai santimita 187 a ma'aunin birnin, ba a ga irinta ba tun ta 1966. Na ga masu shaguna suna fitar da kaya suna shanyawa, abin tausayi. Mutanen garin sun ce iskar kudu maso gabas da suke kira shirokko ce take turo ruwa zuwa ƙuryar Tekun Adiriyatik inda birnin yake, ga faɗuwar matsin iska da Injiniya ya ambata. Tambayata ita ce, me ya sa wasu shekarun ambaliyar takan yawaita, wasu kuma a samu sauƙi? El Nino ne shi ma?

Aminu_Sitokom
Hajiya, a Turai abin da ya fi tasiri wani ne daban. A arewacin Atlantika akwai yankin ƙarancin matsi a wajen Aisilan, da yankin yawan matsi a wajen tsibiran Azores, kuma bambancin da ke tsakaninsu yakan ƙaru ko ya ragu daga hunturu zuwa hunturu. Idan ya yi yawa, iskar yamma takan yi ƙarfi, ta tura ruwa ta mashigan Denmak zuwa cikin Tekun Baltik, ruwa ya cika a nan wajenmu, a Bahar Rum kuma matsi ya hau, ruwa ya kwanta. Idan bambancin ya yi rauni sai abin ya juye, guguwa ta bi ta kudu. Hunturun 2009 zuwa 2010 yana cikin mafi rauni da aka taɓa aunawa, ruwan Bahar Rum ya tashi da kimanin santimita 10, Banis kuma ta sha ambaliya sau da yawa a 2010. A daidai wannan lokaci gaɓar Amurka daga Niyok zuwa arewa ta ga ƙarin fiye da santimita 10 cikin shekara biyu, kodayake a can an haɗa da raunin da babban magudanar ruwan Atlantika ya yi. A nan Sitokom, babban birnin Suwidin, ana rubuta tsayin ruwa tun 1774, kuma wanda ya duba wannan dogon tarihi zai ga shekarun iskar yamma a cikinsa ƙarara.

Alhaji_Tanko
Ni dai tun muna yara aka koya mana cewa wata ne yake jan ruwan teku. Yanzu kuma duk an koma kan iska. Ina aka bar wata?

Injiniya_Bala
Ranka ya daɗe, wata yana nan a kan aikinsa. Shi da rana ne suke kawo cika da janyewar kullum, kuma akwai wani zagaye nasa na shekara 18.6 da yake ƙara ko rage girman wannan cika. Bambancin shi ne na wata ana iya lissafa shi shekaru masu yawa kafin ya zo, a buga a jadawali. Na iska kuwa sai dai a yi hasashen watanni kaɗan, shi ya sa yake zuwa wa mutane ba shiri.

Ɗan_Zongon_Sakandi
An zagaya duniya, bari in dawo da mu gida. Sana'ata sayen kifi a bakin ruwa a nan Sakandi da Takoradi na ƙasar Gana, ina kaiwa Kumasi da Tamale. Kowace shekara daga Yuli zuwa Satumba ruwan teku yakan yi sanyi, ƙananan kifi irin na sardin su yawaita, masu kwalekwale su samu na shekara. Amma akwai shekarun da sanyin ba ya zuwa yadda ya kamata, kifi ya yi wuya, kasuwa ta mutu. Shin wannan yana da alaƙa da abin da kuke tattaunawa, ko maganar zafi da sanyi daban ce da maganar tsayin ruwa?

Dakta_Halima
Magana ɗaya ce, ɗan'uwa. A watannin da ka ambata ruwan sanyi na ƙasa yakan taso kusa da sama a gaɓar Gana da Kwaddebuwa, ya kawo abincin kifi, kuma saboda ruwan sanyi bai kai mai ɗumi cin wuri ba, a wajen Agusta ne tsayin teku yake kaiwa ƙarshen ƙasa a gaɓarku. Masu bincike sun lura cewa iskar da ke kaɗawa a bakin gaɓar ita kaɗai ba ta isa ta bayyana wannan ba, wani kaso na saƙon yana zuwa ne daga iskar da ke yammacin Atlantika, wajen Birazil, ta hanyar irin igiyar ƙarƙashin da na ambata. A shekarar da waccan iska ta yi rauni, ruwan ɗumi yakan zauna a Mashigin Gini, teku ya ɗan yi tudu, kifi ya ƙi zuwa. Ana kiran wannan Nino na Atlantika, kuma na 1984 yana cikin manya. Dattawan Arewa da na Nijar ba su manta da 1984 ba saboda fari, kuma ɗumin Mashigin Gini yana daga cikin abubuwan da suke riƙe ruwan sama a kudu su hana shi isa Sahel, kodayake ba shi kaɗai ne sanadin wancan fari ba.

Maman_Aisha_Legas
Mu da muke Legas abin ya wuce karatu. Na tuna watan Agustan 2012 da teku ya afka wa bakin ruwan Kuramo cikin dare, rayuka suka salwanta. A unguwarmu kuma ruwa yana shiga gidajen da a da ba ya kaiwa. Shin mu ɗauka shekarun iska ne da za su wuce?

Usman_Ɗalibi
Mama, abin Kuramo manyan igiyoyi ne na kwana ɗaya ko biyu, ba sauyin shekara ba. Na unguwa kuma ya kamata a duba har da nutsewar ƙasa, domin sassan Legas da aka cike da yashi, ga yawan rijiyoyin burtsatse, suna yin ƙasa a hankali, ga kuma magudanan da suka toshe. Ba zan ba ki shawarar jiran ya wuce ba.

Garba_Kantin_Kwari
Na yarda ba kuskuren na'ura ba ne, hujjar awon nauyi ta gamsar da ni. Amma yanzu wata shakkar ta taso. Idan iska tana iya ɗaga teku da santimita 20 a wani wuri ta kuma sauke shi, me zai hana hawan da ake ta yi mana gargaɗi a kansa shi ma ya zama wani dogon juyi ne na iska da zai koma?

Dakta_Halima
Alhaji, kai ɗan kasuwa ne, ka san farashin hatsi yakan faɗi da kaka ya tashi da bazara, wata shekarar ma ya karye sosai, amma wanda ya kwatanta kuɗin buhun gero na yau da na shekara talatin baya ba zai ce juyin kaka ne ba. Iska tana kai ruwa gabas ta dawo da shi yamma, tana ajiye shi a tudu ta mayar, duk wannan aro ne da ake biya cikin shekara ɗaya zuwa uku. Amma tun 1993 matsakaicin duniya ya ƙaru da kimanin santimita 10, wato fiye da milimita 3 a shekara, kuma saurin yana ƙaruwa. An san inda wannan ya fito, domin ana auna ƙanƙarar da ta narke, ana kuma auna zafin da teku ya shanye da dubban na'urori masu yawo a cikinsa. Abin da juyin iska yake yi shi ne ya ɓoye hawan a wata shekara ya ninka shi a wata. Daga 2022 zuwa 2023, da aka fita daga La Nina aka shiga El Nino, hukumar sararin samaniyar Amurka, NASA, ta ba da ƙarin kusan milimita 8 a shekara ɗaya, kuma a watan Oktoban 2023 ne kogin Negro a birnin Manaus na Birazil ya yi ƙasan da bai taɓa yi ba tun da aka fara auna shi a 1902. Ruwan da bai sauka a Amazon ba, a teku ya zauna.

Aminu_Sitokom
Akwai ma wata hanya da ba a taɓo ba. Da dutsen Pinatubo na Filifin ya yi aman wuta a 1991, hayaƙin da ya watsa a sama ya rage hasken rana, teku ya ɗan huce, ya tsuke da 'yan milimita na wasu shekaru. Sai ga shi an harba tauraron awon teku na TOPEX/Poseidon a 1992, wato awon ya fara ne daga lokacin da teku yake ƙasa da inda ya kamata.

Malama_Zainabu
Ina bin muhawarar tun farko, kuma akwai abin da ban yarda da shi ba a yadda ake faɗinsa. Ana ta cewa iska ce take juya teku, kamar teku ba shi da ta cewa. Me ya raunana iskar Fasifik tun farko? Ai ɗumin ruwan gabas ne yake rage bambancin matsin da ke kora ta, raunin iskar kuma ya ƙara ɗumama ruwan. Jacob Bjerknes ya bayyana wannan tun 1969, lokacin da ya haɗa El Nino da juyin matsin iskar da Gilbert Walker ya gano yana aikin hasashen damina a Indiya. Idan Malam Isa ya gaya wa ɗalibansa cewa iska ce direba teku kuma fasinja, ya ba su rabin labari.

Injiniya_Bala
A Fasifik na yarda da ke, Malama. Amma a Baltik da Banis ba na ganin teku yana da wani iko a kan guguwar da ta zo masa, iska ce take yin yadda ta so.

Malama_Zainabu
A tsawon hunturu ɗaya haka ne, Injiniya. A tsawon shekaru goma kuwa ba zan yi saurin yanke hukunci ba.

Ɗan_Zongon_Sakandi
Dakta, maganar 1984 ta tsaya mini a rai. Akwai tsofaffin masunta a nan da suke fita teku tun kafin wannan shekara, zan je in zauna da su ranar Talata, tunda ranar ba a fita kamun kifi. An kuma ce mini a tashar Takoradi an fara auna tsayin ruwa tun 1929.

Dakta_Halima
Haka ne, yana cikin tsofaffin ma'aunai a Afirka, sai dai akwai shekarun da rubutun ya yanke. Idan ka zauna da dattawan, kada ka ambata musu shekarar da farko. Ka tambaye su waɗanne shekaru ne ruwa ya ƙi yin sanyi a Yuli da Agusta, ka rubuta abin da suka faɗa da bakinsu, sannan ka kawo mana mu gwada da abin da ma'aunin ya nuna.